Manomin da Attajirai ke Bin Layi a Ƙofarsa

A gabashin Faransa, cikin yankin Burgundi, akwai wani ƙauye da ake kira Meursault, wanda mazaunansa ba su kai mutum dubu biyu ba. A ƙauyen akwai wani gidan manoma mai suna Coche-Dury. Idan aka tattara gonakin gidan duka, kimanin hekta goma ne, a warwatse nan da can. Inabi suke nomawa, su matse shi su yi giya, mafi yawanta fara. Ba a san su da talla ba, ba a kuma san su da son hira da 'yan jarida ba. Duk da haka, kwalba guda ta giyarsu mafi daraja, wadda ake kira Corton-Charlemagne, dubban daloli ake zuba mata a gidajen gwanjo na Landan da Hong Kong. Ko giyarsu ta ƙasa-ƙasa, wadda ba ta ɗauke da sunan wata fitacciyar gona, takan fi ta manyan gonakin wasu manoman tsada. Mai kuɗin ma ba kullum yake samu ba, sai idan yana da hanya.

Na san mafi yawan masu karanta wannan wasiƙa ba ruwansu da giya. Ni ma haka: addinina ya haramta ta, ban taɓa kai ta bakina ba, ba kuma tallarta na zo yi ba. Aikina ne ya ja ni ga batun. Shekarun da na yi ina rubutu kan kasuwa da farashi sun nuna mini cewa ƙarancin yawancin kayan alatu shiri ne. Kamfanin jaka ko na agogo shi ke yanke adadin da zai fitar, kuma ranar da ya ga dama zai ƙara. A Meursault kuwa na ci karo da ƙarancin da ko mai kayan ba ya iya kawar da shi. Wannan ƙaranci shi ne tushen farin jinin irin wannan giya, shi ne kuma yake neman raba ƙananan manoman yankin da gonakin kakanninsu.

Gona mai suna

Gonakin da ake magana a kansu suna kan wani siririn gangare ne da ya miƙe daga birnin Dijon ya yi kudu, ya ratsa ta garin Beaune, yana fuskantar gabas, inda hantsi ke fara sauka. Ƙasar wurin duwatsun farar ƙasa ce gauraye da laka. A can saman gangaren ƙasar ba ta da kauri, ga sanyi. A ƙasan kuma ta yi nauyi, tana riƙe ruwa. Tsakiya ita ce ta fi dacewa, domin ruwa na tsanewa, rana na isa, saiwa kuma na kutsawa cikin tsagogin dutse.

Sufayen Kirista na gidajen ibada irin su Cluny, wanda aka kafa a 910, da Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, sun shafe ƙarnoni suna noma wannan gangare. A hankali aka lura cewa inabin wannan yanki ba ya fita kamar na maƙwabcinsa, ko da kuwa 'yar hanya ce kawai ta raba su. Sai aka shata iyakoki, aka gina katangun dutse, aka raɗa wa kowane yanki suna. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan yankuna, su 1,247, cikin jerin kayan tarihin duniya. Sunayen kansu bayani ne: ɗaya daga cikin fitattun gonakin Meursault sunanta Perrières, saboda tsoffin ramukan haƙar dutse da ke wurin.

Daga 1935 dokar Faransa ta shigo ta ɗaure wannan tsari. Ta fayyace iyakar kowane suna, da irin inabin da za a shuka, da yawan abin da aka yarda a ɗiba daga kowace hekta. Darajar gonakin hawa huɗu ce: na yankin gaba ɗaya, na ƙauye, na zaɓaɓɓun gonakin ƙauye, sai na ƙololuwa, waɗanda sunayensu 33 ne kacal a duk Burgundi, kuma abin da suke fitarwa bai kai kashi biyu cikin ɗari na giyar yankin ba. Meursault, duk da sunanta, ba ta da ko ɗaya a wannan hawa na ƙarshe. Gonar Corton-Charlemagne tana kan wani tudu ne a arewacin Beaune, kuma tarihin wurin ya danganta ta da Sarki Sharliman, wanda aka ce ya ba wa wani gidan ibada ita kyauta a 775.

Wannan sashe na labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan noma. Gandun kakana ba shi da katanga ko taswira, amma kowa a gidan ya san inda dawa ke cika kai, ya san jigawar da ba ta karɓar komai sai gero da wake, ya san gefen fadamar da ake bar wa albasa. Bambancin kawai shi ne mutanen Burgundi sun rubuta nasu sanin, sun mai da shi doka, duniya kuma ta amince ta biya kuɗi a kansa.

Yadda gado ya daddatsa ƙasar

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, gwamnati ta ƙwace gonakin coci da na masu sarauta da dama ta yi gwanjonsu. Sai dokar Napoliyon ta 1804 ta wajabta raba gado tsakanin 'ya'ya. Kowane zamani ya zo sai gona ta ƙara tsagewa. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Clos de Vougeot, gona ɗaya ce cikin katanga ɗaya, kimanin hekta 50, amma masu ita sun kai wajen mutum 80. Wani layuka kaɗan ne rabonsa. Har yau manoman na amfani da wani tsohon ma'auni, kashi ɗaya cikin 24 na hekta, wato gwargwadon abin da mutum guda zai iya nomewa a yini.

A nan ne lissafin ƙarancin yake fitowa fili. A shekara mai albarka, hekta guda ta irin wannan gona takan ba da lita 4,000 zuwa 5,000. Wanda yake da sulusin hekta zai tashi da kimanin lita 1,500. Gangar Burgundi lita 228 take ci, wato wajen kwalba 300. Ke nan ganga shida ko bakwai, kwalba dubu biyu, su ne za a raba wa duniya baki ɗaya, daga gidajen cin abinci na Paris zuwa attajiran Tokyo. Ba damar faɗaɗa gonar, domin doka ta shata iyakarta. Ba damar matsa wa kuringar ta ƙara haihuwa, domin doka ta ƙayyade, kuma yawan 'ya'ya na rage musu ƙarfin ɗanɗano. Ba damar sayo inabin wani wuri a haɗa, domin sunan zai faɗi. Ko masu nema sun ninka sau ɗari, kwalaben na nan yadda suke.

Hannun da ya taɓa

Sai dai suna da ƙaranci ba su isa bayani ba. Manoma da dama ne ke da rabo a Corton-Charlemagne, inabinsu iri ɗaya ne, wanda ake kira Chardonnay, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu, amma ta Coche-Dury takan ninka ta maƙwabtansu kuɗi sau da yawa. Abin da ya rage a lissafin shi ne mutumin.

A da, ƙananan manoma ba su da suna a jikin kwalba. Gangunan suke sayar wa manyan 'yan kasuwar Beaune, su kuma su gauraya su, su manna nasu sunan. Wajen shekarun 1930 ne wasu 'yan tsiraru, irin su Armand Rousseau da Henri Gouges, suka fara ɗura nasu da kansu, abin ya yi ta yaɗuwa bayan yaƙin duniya na biyu. Gidan Coche ya faro ne a shekarun 1920 daga Léon Coche. Jikansa Jean-François ya karɓi ragama a farkon shekarun 1970, ya haɗa sunan dangin matarsa, Dury, da nasa, kamar yadda ake yi a yankin. A hannunsa sunan ya fita duniya, kuma a 2010 ɗansa Raphaël ya gaje shi.

Shaidar da aka yi wa Jean-François ita ce ta mutumin da a gona ake samunsa. A irin waɗannan gonaki kuringa dubu goma ake dasawa a hekta guda, kowace kuma sai an bi ta da hannu: a yi mata aski da sanyi, a ɗaure ta, a rage mata toho, a duba ta saboda cuta. Ranar girbi ma hukunci ce mai nauyi. Idan aka yi gaggawa tsami ya yi yawa, idan aka yi jinkiri zaƙi ya rinjaya, giyar ta fita ba ta da kaifi. Bayan matsa, ruwan yakan tafasa da kansa cikin gangunan katako, sannan a bar shi kwance a kan gurɓin yistinsa fiye da shekara guda, ana bi ana cike gangunan don kada iska ta shiga. Babu wani sirri a cikin waɗannan matakai, duk maƙwabta sun san su. Ɗaruruwan ƙananan shawarwari ne da mutum guda ke yankewa, shekara bayan shekara, ba tare da ya gaji ya rage hanya ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse, a nan kuwa kusan a zahiri maganar take, tunda a kan dutsen ake noman.

Masu sharhin giya sun daɗe suna siffanta tsohuwar giyar Meursault da ƙamshin man shanu da na gasasshiyar ƙwaya. Ta Coche-Dury kuwa, abin da suka fi ambata shi ne wani ƙamshi mai kama da na ashanar da aka ƙyasta yanzu, da kauri a baki wanda tsami irin na lemo ke ratsawa, da ɗanɗanon da ke daɗewa bayan an haɗiye. Salon ya yi tasiri har masu yin giya a wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayon ƙamshin ashanar. Ƙamshin dai ana iya kwaikwayonsa. Shekaru arba'in na sanin halin layuka ƙalilan a kan gangare guda, wannan ba ya ɗaukuwa a jirgi.

Akwai kuma abin da ya ƙara wa gidan amana. Daga girbin tsakiyar shekarun 1990, wata matsala ta addabi farar giyar Burgundi. Kwalaben da aka saya don a ajiye shekara ashirin sai a buɗe su bayan biyar ko shida a tarar sun yi duhu sun lalace, kamar yankakken tuffa da aka bari a iska. An zargi abin toshe kwalba, an zargi rage sinadarin da ke kare giyar, an zargi sabbin injinan matsa. Manyan sunaye sun sha kunya. Coche-Dury na cikin 'yan gidajen da masu tara giya suka yi ittifaƙi cewa matsalar ba ta taɓa su sosai ba. A kasuwar da mutum ke biya yau don abin da zai buɗe bayan shekara goma sha biyar, irin wannan shaida ta fi kowace talla.

Harshe ne ko ido?

Mai karatu na da haƙƙin ya yi shakka, domin akwai hujjojin da ke goyon bayansa. A ranar 24 ga Mayu, 1976, wani ɗan kasuwar giya Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa a Paris, ya ba su giya ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren fara, ta Chateau Montelena daga Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, ta doke na Burgundi duka. A 2008 kuma, masu bincike a jami'o'in Caltech da Stanford na Amurka sun ba mutum 20 giya suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Giya guda aka ba su sau biyu, da farko a ce musu ta dala 90 ce, can kuma a ce ta dala 10. Sun fi jin daɗinta da aka ce mai tsada ce, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi ya nuna hakan. Ke nan ba ƙarya suke yi ba, farashin ne ya shiga cikin ɗanɗanon. Tun 1899 masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya yi bayanin masu sayen abu don a gan su da shi. Mu ma muna da namu: araha ba ta ado.

Amma gasar 1976 na da wani darasi da ba a cika faɗa ba. Wadda ta zo ta biyu giyar Meursault ce ta wani ƙaramin gida mai suna Roulot, daga gonar Charmes, wadda ba ta cikin hawan ƙololuwa. Ta sha gaban wata daga Bâtard-Montrachet, gonar da doka ta ɗora sama da ita. Alƙalan ba su ga suna ba, ba su ga farashi ba, amma aikin manomin ya bayyana musu. Ra'ayina shi ne abubuwan biyu duka gaskiya ne, sai dai kowanne da iyakarsa. Ƙwarewa ita ta sa aka fara neman giyar. Ita ce ke iya bayyana dalilin da ya sa ta fi ta maƙwabci. Ba ita ce ke bayyana dubban daloli ba. Wannan aikin ƙaranci ne da gasar masu kuɗi, waɗanda yawansu ya ƙaru ƙwarai cikin shekaru talatin, alhali gangaren bai ƙaru da taki ɗaya ba.

Wa ke cin ribar?

Abin mamaki shi ne kaso mai yawa na waɗannan kuɗi ba ya shiga aljihun manomin. Al'adar irin waɗannan gidaje ita ce su raba kayansu ga tsoffin abokan ciniki: gidajen abinci, da dillalan ƙasashen waje, da iyalan da suka daɗe suna saye, kowa da ɗan rabonsa, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Daga nan ne kwalbar ke fara tafiya hannu zuwa hannu, kowane hannu na ɗora nasa. Wata ba za a taɓa buɗe ta ba, za ta ƙare ne a rumbun ajiya mai sanyi, ana cinikinta a takarda kamar hannun jari. Inda kuɗi suka taru haka kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. A 2012 aka kama Rudy Kurniawan a Amurka yana haɗa jabun giyar Burgundi a gidansa, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014.

Shi kuwa manomi, haɗarin sama na kansa. A ƙarshen Maris na 2021 an yi ɗumi, kuringa ta yi toho da wuri, sai a farkon Afrilu sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko dare bayan dare. Manoma sun kwana a gonaki suna kunna dubban manyan kyandirori tsakanin layuka don ɗaga zafin iska ko da kaɗan ne. Chardonnay, mai saurin toho, ita ta fi jin jiki, kuma da yawa sun rasa fiye da rabin amfaninsu. A kasuwa, wannan asara ƙarin farashi ta zama ga masu kwalabe a ajiye.

Babbar barazanar kuwa daga farin jinin kansa take zuwa. Da giyar ta yi tsada, sai ƙasar ta bi ta, har hekta guda a gonakin ƙololuwa ta kai miliyoyin yuro. Harajin gado a Faransa na iya kaiwa kashi 45 cikin ɗari ga manyan dukiyoyi, ko da yake akwai sassauci ga ƙasar noma. Uba ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu, ɗaya ne ke noma. Dole ya biya gwamnati a kan ƙimar da kasuwa ta yi wa gonar, ya kuma fanshi rabon 'yan'uwansa, alhali abin da gonar ke kawowa a shekara bai kusanci wannan ƙima ba. Sau da yawa mafita ɗaya ce, a sayar. A 2014 kamfanin kayan alatu na LVMH ya sayi Clos des Lambrays. A 2017 attajiri François Pinault ya sayi Clos de Tart. A shekarar ce kuma gidan Bonneau du Martray, ɗaya daga cikin masu rabo mafi girma a Corton-Charlemagne, wanda iyali guda suka riƙe kusan ƙarni biyu, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga Stan Kroenke, Ba'amurken da ya mallaki ƙungiyar Arsenal.

Sabbin masu gonakin na da kuɗin ɗaukar ƙwararru, kuma giyarsu na iya fita da kyau. Amma abin da masu saye suka bi layi dominsa tun farko shi ne mutum guda da ya san gonarsa kuringa-kuringa, wanda ya koya daga ubansa, wanda sunansa ke jikin kwalba kuma ƙasar gonar ke jikin takalminsa. Kowane sabon tarihin da aka kafa a gidan gwanjo yana ƙara wa ɗan irin wannan mutum wahalar gadon ubansa. Masu son abin, da kuɗinsu, su ne ke tura shi bakin ƙofa.

Gidan Coche-Dury dai har yanzu yana hannun iyalinsa, haka ma wasu maƙwabtansu. Kowace shekara, a cikin Nuwamba, washegarin gwanjon tsohon asibitin Beaune, manoman Meursault na taruwa don walimar kammala girbi, al'adar da Jules Lafon ya farfaɗo da ita a 1923. Ƙa'idar walimar ita ce kowa ya zo da kwalabensa ya zuba wa na kusa da shi. A wannan yini, kayan da ake kulle wa a rumbunan Landan da Hong Kong na komawa abin da suke tun asali, amfanin gona da maƙwabci ke miƙa wa maƙwabci ya ji yadda damina ta kasance. Ko al'adar za ta kai wani ƙarni, wannan ya rataya ne kan ko 'ya'yan waɗanda ke zaune a teburin za su iya biyan kuɗin riƙe gonakin da iyayensu suka yi wa suna.